Bayan Cin Zarafi: Tambayoyi da Amsoshi kan Kula da Kai, Farin Ciki da Zama Mace

An shirya waɗannan amsoshi ne domin matan da aka ci zarafinsu, ko abin ya faru jiya ko shekara 20 da suka wuce, da kuma waɗanda ke tsaye a bayansu. Tambayoyin irin waɗanda mace ke daɗewa tana juyawa a zuciya ne kafin ta samu kunnen da za ta faɗa wa. Ba dole ba ne ki karanta su a jere, kuma idan wata ta tayar miki da hankali, ki tsallake ta har zuwa ranar da kika ga za ki iya. Abin da ke nan ba ya maye gurbin ganin likita ko lauya.

Abin da ya same ni ya kai a kira shi cin zarafi kuwa?

Mata da yawa suna yin wannan tambaya ne saboda ba a bar musu tabo a jiki ba, ko kuma saboda wanda ya aikata na jikinsu ne. A sanarwar da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita a watan Disamba na 1993, an bayyana cin zarafin mata a matsayin duk wani abu da aka yi wa mace saboda jinsinta wanda ya cutar da ita, ko zai iya cutar da ita, a jikinta ko ta hanyar jima'i ko a zuciyarta, har da barazana da tilastawa da tauye mata 'yanci, ko a bainar jama'a aka yi ko a cikin ɗaka. Saboda haka duka da fyaɗe suna ciki, haka nan zagi na kullum da wulaƙanci, da raba mace da danginta, da ƙwace mata abin da ta samu, da yaɗa hotunanta ba da yardarta ba.

A alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kusan mace 1 cikin kowace 3 a duniya, wato kimanin mata miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma mafi yawan hakan daga hannun miji ko abokin zama ya fito. Yawan adadin ba ya rage nauyin naki, amma yana nuna cewa ba wani aibu na musamman da ke tare da ke ne ya jawo abin ba.

Abin bai daɗe da faruwa ba. Mene ne ba zai iya jira ba?

Yawancin abin da za a faɗa a ƙasa ba ya son gaggawa, amma wannan sashe yana da agogo. Idan fyaɗe ne, akwai maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV da ake kira PEP, wanda dole ne a fara shansa cikin awa 72, kuma ana shansa kwana 28 ba tare da tsallake rana ba. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa awa 120, wato kwana 5, sai dai ya fi ƙarfi idan an sha da wuri. A asibiti kuma ana ba da maganin sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, da ta tetanus idan akwai rauni. Idan an shaƙe ki a wuya, ki ga likita ko da babu alama a fata, domin illar tana iya ɓoyewa a ciki ta bayyana daga baya.

Idan kina tunanin kai ƙara, zai taimaka a duba ki kafin ki yi wanka, a kuma ajiye tufafin a jakar takarda maimakon leda. To amma idan kin riga kin yi wanka, wanda shi ne abin da jiki ke fara nema, kada hakan ya hana ki zuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma kina da ikon neman mace ta duba ki, da neman wata da kika yarda da ita ta zauna kusa, da cewa a dakata a kowane mataki. Dokokin ƙasashe sun bambanta kan abin da ma'aikacin lafiya zai kai wa hukuma, don haka ki tambaya tun kafin ki fara bayani. Idan kuma waɗannan awanni sun wuce, har yanzu akwai gwaji da magani da za su amfane ki.

Ban yi ihu ba, ban yi kokawa ba. Ba ni da laifi a ciki?

Ba ki da shi. Lokacin da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, wani ɗan ƙaramin sashe nata da ake kira amigdala ne ke karɓe ragama tun kafin tunani ya kammala, sai jiki ya zaɓi faɗa ko gudu ko sandarewa, kuma ba ya neman shawarar mai shi. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan mata 298 da suka je wani asibitin gaggawa na waɗanda aka yi wa fyaɗe a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya gano cewa kashi 70 cikin 100 sun sandare a lokacin, ba su iya motsi ko magana yadda ya kamata ba. Akwai kuma waɗanda ke lallaɓa mai cutar da su ko su bi umarninsa don su fita da ransu, kuma wannan ma dabarar tsira ce.

Irin wannan firgici ne ke sa abin da ya faru ya zauna a ƙwaƙwalwa gutsure-gutsure: a tuna wari ko launin bango, a manta wane ne ya biyo bayan wane. Masu tambayar “me ya sa ba ki yi ihu ba?” ko “me ya kai ki wurin?” suna ɗora alhakin a inda ba muhallinsa ba. Mutum ɗaya ne ya yanke shawarar aikata abin, kuma ba ke ba ce.

Ana ta cewa in kula da kaina. Me hakan ke nufi, kuma ba son kai ba ne?

An cika tallata kula da kai kamar wani kaya ne da ake saye, kuma hakan ya sa matan da ba su da hali ko lokaci suke jin ba da su ake ba. A wurin wadda aka ci zarafinta, maganar ta fi haka zurfi kuma ta fi haka arha. Babban abin da cin zarafi ke ƙwacewa shi ne zaɓi: wani ya yanke hukunci a kan jikinki ko kuɗinki ko fitarki ba tare da ke ba. Kula da kai shi ne dawo da wannan zaɓi hannunki kaɗan-kaɗan, tun daga abubuwan da wani zai raina. Ke ce za ki zaɓi lokacin kwanciya, da kayan da za ki sa, da kiran da za ki amsa da wanda za ki bari ya katse, da ko ƙofar ɗaki za ta kasance a buɗe ko a rufe. Duk lokacin da kika yanke irin wannan ƙaramar shawara kuma ta tsaya, jikinki yana sake koyon cewa maganarki tana da tasiri.

Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta Amurka ta bayyana a 1992 cewa farfaɗowa daga irin wannan rauni yana bin matakai uku: samun aminci, sannan tunawa da yin makokin abin da aka rasa, sannan komawa cikin jama'a. Abin lura shi ne aminci ne a farko, kuma a cikinsa akwai barci da abinci da magani da wurin kwana da babu tsoro. Mace da ta kwana uku ba ta runtsa ba ba ta da ƙarfin tono abin da ya wuce, kuma bai kamata a matsa mata ta yi ba.

Game da son kai kuwa, yawancin mata an raine su ne a kan su ci bayan kowa ya ci, su kwanta bayan kowa ya kwanta, shi ya sa awa ɗaya ta hutu take zame musu kamar sata. Amma wadda ke ɗauke da 'ya'ya ko aiki ko tsofaffin iyaye ba za ta iya ci gaba da ɗaukarsu ba idan ta durƙushe. Ko da ma babu wanda ya dogara da ke, kin cancanci kulawar, domin ba lada ba ce da ake biya bayan an yi wa wasu hidima.

Ba na barci, kuma ƙaramin motsi yana razana ni. Na samu taɓin hankali ne?

A'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jikinki ya ci gaba da gadi bayan haɗarin ya wuce, yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol kamar har yanzu ana cikin tashin hankalin, shi ya sa zuciya ke bugawa, barci ke yankewa, wani ƙamshi ko sautin taku ke mayar da ke can baya cikin ƙiftawar ido. A makonnin farko wannan abu ne da ake sa ran gani, kuma a wurin mutane da yawa yana lafawa da kansa idan an samu aminci da masu tallafawa.

Idan abin ya taso, ki dafa ƙafafunki a ƙasa, ki ambaci abu 5 da kike gani, 4 da kike taɓawa, 3 da kike ji da kunne, 2 da kike shaƙa, 1 da kike ɗanɗana, sannan ki faɗi ranar yau da inda kike. Ki ja numfashi a hankali, ki sa fitarsa ta fi shigarsa tsawo, domin fitar numfashi mai tsawo tana rage bugun zuciya. Don barci, tashi a lokaci ɗaya kowace safiya da samun hasken rana da ɗan tafiya sun fi tasiri fiye da yadda ake zato, kuma babu laifi a bar fitila a kunne. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne ƙwayoyin barci. A jagorar da ta fitar a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba wa manya magunguna irin su diazepam don firgici ko rashin barci a watan farko bayan mummunan abu, saboda babu hujjar suna warkarwa kuma ana iya sabawa da su. Barasa da sauran kayan maye ma suna kashe zafin na dare ɗaya ne, su dawo da shi da riba.

Na yi dariya jiya, sai na ji kamar na yi laifi. Ya halatta in yi farin ciki?

Wannan tambaya ita ce ta fi yawan ɓoyewa, kuma ta fi cancanta a tsaya a kanta. Jin laifin yakan fito ne daga wurare biyu. Na farko tsoro ne cewa idan aka gan ki kina dariya za a ce ashe abin bai yi muni ba, ko ma ƙarya kika yi. Mutane suna da hoton da suka zana a ransu na yadda wadda aka zalunta ya kamata ta kasance, kullum kai a sunkuye, kuma duk wadda ta fita daga hoton sai a fara zarginta. Na biyu daga ciki yake: ji kike kamar baƙin cikin ne kaɗai shaidar da ta rage cewa an yi miki ba daidai ba, kuma idan kika sake shi, wanda ya aikata ya ci bulus ke nan.

Girman laifin da aka yi miki an riga an auna shi a ranar da aka aikata, kuma dariyar da kika yi bayan wata shida ba ta rage masa nauyi ko na ƙwayar zarra. Ba a ɗora miki aikin zama abin nuni ba don duniya ta gaskata. Haka kuma zuciya tana iya ɗaukar abu biyu a rana ɗaya, ki yi kuka da safe, da yamma wani yaro ya ba ki dariya, kuma dukansu gaskiya ne.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne matan da suka ga mafi munin abin. A birnin Bukavu na gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda Dakta Denis Mukwege ya kafa asibitin Panzi a 1999 yana yi wa matan da aka yi wa fyaɗe a yaƙi aiki, an buɗe wata cibiya a 2011 aka sa mata suna Birnin Farin Ciki. Matan da suka tsira suna zama a can na wata 6, ana ba su tallafin zuciya da ilimin haƙƙoƙinsu da sana'a da dabarun kare kai, kuma rawa da waƙa suna cikin tsarin. Mukwege ya samu kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2018 tare da Nadia Murad, wadda ita kanta ta tsira daga hannun 'yan ƙungiyar IS a Iraƙi. Da farin ciki raini ne ga abin da ya sami matan, da ba a sa wa cibiyar ta Bukavu wannan suna ba.

Sai dai kuma kada farin cikin ya koma wani sabon dole. Masu cewa “ki saki ranki mana” sau da yawa nasu ran ne suke so ya huta da ganin damuwarki.

Ni kuma ba na jin komai, ba daɗi ba baƙin ciki.

Wannan ma kariya ce. Ƙwaƙwalwa ba ta iya rage zafi shi kaɗai ba tare da ta rage daɗi tare da shi ba. Abin da masu ba da magani suka lura da shi shi ne aiki yakan riga sha'awa dawowa, saboda haka kada ki jira sai kin ji marmari. Ki ɗauki abu ɗaya da kike so a da, ko shuka ce ko ɗinki ko karatu ko hira da wata ƙawa, ki ba shi minti 10, ko da kin ji kamar kina kallon wata ce tana yi. Ɗanɗanon yakan dawo ne a hankali, kamar yadda yake dawowa harshe bayan zazzaɓi.

Na tsani jikina, har ina jin da ma ba mace aka haife ni ba.

Ba abin mamaki ba ne, tunda ta nan aka shigo miki. Wasu matan suna daina kallon madubi, wasu suna lulluɓe kansu cikin manyan kaya don kada a gan su, wasu suna yawaita wanka har fata ta yi ciwo, wasu kuma ci ko ƙin ci ne ke zama hanyarsu ta riƙe iko da jikin. Wanda ya ci zarafinki ya ɗauki zamanki mace a matsayin rauni da zai yi amfani da shi, kuma mafi munin abin da ya bari shi ne ki fara kallon kanki da idonsa.

Akwai kuma kalmomin da jama'a ke amfani da su, irin su “an lalata ta” da “an ɓata ta”, kamar mace kaya ce da ke rasa daraja idan an taɓa. Ya kamata a yi musu da wannan harshe a fili. Mutuncin da ya zube a ranar na wanda ya aikata ne. Naki ba a wata gaɓa yake ajiye ba, balle wani ya iya ɗauke shi da ƙarfi.

Sulhu da jiki yakan fara ne daga abin da jikin ke yi, kafin a zo ga yadda yake a ido. Ƙafafun da suka kai ki inda kike, hannayen da ke aiki, huhun da bai daina numfashi ba ko a wannan ranar. Ki shafa mai a hannu a hankali kina lura da ɗuminsa, ki miƙe jiki da safe, ki yi tafiya har ki ji gumi. Kwalliya kuwa taki ce: idan kin yi marmarin ta ki yi don kanki, domin ba ita ta jawo abin ba, kuma ana cin zarafin yara ƙanana da tsofaffi da masu kowace irin shiga. Idan ba ki so, barin ta bai rage miki komai ba. Babu fasali ɗaya na zama mace da za ki koma ciki, kuma mata da yawa sun gano cewa a bayan wannan jarrabawa ne suka fara tambayar kansu wane ɓangare na abin da aka koya musu suke so su riƙe, wane ne kuma suka ɗauka don tsoro kawai, kamar yin shiru da ba da haƙuri a kan laifin da ba nasu ba.

Zan iya sake yarda da namiji ko in ji daɗin kusanci?

Mata da yawa sun iya, kowace a lokacinta. Wasu sha'awarsu tana ɗaukewa na wani lokaci, wasu tana ƙaruwa, kuma babu wanda ya zama abin kunya a ciki. Ma'aunin abokin zama nagari a nan mai sauƙi ne: idan kika ce a dakata, yana dakatawa ba tare da fushi ko gori ba. Ba dole ba ne ki ba shi labarin dalla-dalla kafin ya mutunta iyakarki, ya isa ki faɗa masa irin taɓawar da ba ki so da abin da zai yi idan kin firgita. Zafi yayin saduwa matsala ce ta lafiya da ake magancewa, ki kai ta gaban likita. Wadda kuma ta zaɓi zama ita kaɗai ba ta gaza warkewa ba.

Dole ne in gaya wa wani? Dole ne in yafe?

Labarin naki ne. Tarana Burke ta fara amfani da kalmomin “Me Too”, wato “ni ma”, a 2006 a aikinta da 'yan mata baƙar fata a Amurka, kuma lokacin da kalmomin suka mamaye intanet a watan Oktoba na 2017 mata masu yawan gaske sun samu ƙarfin magana. Amma wadda ta yi shiru ba ta fi su ƙarancin jarumta ba. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne samun ko da mutum ɗaya da ya gaskata ki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki gwada mutum da ƙaramin sirri kafin babba, ki kuma faɗa masa tun farko ko kunne kike so ko shawara. Kafin ki rubuta wani abu a kafafen sada zumunta, ki tuna cewa abin da aka saki a can ba ya dawowa, kuma yana iya shafar shari'a idan akwai.

Yafiya kuwa ba sharaɗin warkewa ba ce. Wasu suna samun sauƙi a cikinta, musamman waɗanda imaninsu ke ƙarfafa su, wasu suna samun nutsuwa ba tare da ita ba. Abin da ba daidai ba shi ne a yi amfani da “ki yi haƙuri” a rufe bakin wadda aka zalunta don a rufa wa azzalumi asiri. Kuma ko kin yafe, hakan ba ya nufin komawa inda ake cutar da ke ko janye ƙara.

Har yanzu ina tare da shi. Wannan magana ta shafe ni?

Ta shafe ki, kuma a wurinki kula da kai yana farawa ne da tsarin tsira. Mata suna zama saboda 'ya'ya, ko rashin kuɗi, ko tsoro, ko so, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ki ajiye takardun shaidarki da na yara da magunguna da ɗan kuɗi a wurin wadda kika amince da ita. Ki haddace lamba ɗaya ko biyu, ki yi yarjejeniya da wata maƙwabciya kan wata kalma ko alama da ke nufin a kawo ɗauki. Idan rigima ta tashi, ki nisanci inda ake ajiye wuƙaƙe, ki kusanci ƙofa. Idan yana duba wayarki, ki goge tarihin abin da kika karanta, har da wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa har kashi 38 cikin 100 na kisan da ake yi wa mata a duniya, abokan zamansu ne ke aikatawa. Shaƙewa, da barazanar kisa, da mallakar makami, da dukan mai ciki, da ƙaruwar duka, alamomi ne na babban haɗari. Lokacin rabuwa da watannin da ke biye da shi suna cikin mafi haɗari, don haka a shirya fita a asirce tare da masu taimako, kada a sanar da shi ana cikin faɗa.

Yaushe ne kula da kai ba zai wadatar ba?

Idan an haura wata ɗaya mafarkai da razana da gudun mutane ba su ragu ba, ko sun hana ki aiki da kula da gida, lokacin neman ƙwararre ya yi. Likitoci sun san wannan ciwo da sunan PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan abu, tun 1980, kuma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ware wani nau'insa mai sarƙaƙiya, wanda aka fi gani a waɗanda suka daɗe cikin azaba ba hanyar fita. Magungunan da suka fi ƙarfin hujja na magana ne: zaman gyaran tunani da ke fuskantar abin da ya faru, da wata hanya da ake kira EMDR, wadda ake tuna abin ana motsa idanu gefe zuwa gefe bisa jagorancin ƙwararre, kuma yawanci zama 8 zuwa 16 ake yi. Wani gwaji da aka wallafa a 2013 a ƙauyukan gabashin Kwango ya nuna cewa zaman gyaran tunani na rukuni, wanda ma'aikatan al'umma da aka horar suka jagoranta, ya rage wa matan alamun ciwon sosai, wanda ke nuna cewa ba sai a babban asibiti ake samun sauƙi ba. Idan ba ki ji daɗin mai ba ki shawara na farko ba, kina da damar canza shi.

Idan kuma tunanin kashe kanki ko cutar da kanki ya zo, wannan ba ya jiran wata ɗaya. Ki gaya wa wani a yau, ki nisantar da magunguna da duk abin da za ki iya cutar da kanki da shi, ki je sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Ƙawata ce abin ya samu. Yaya zan taimaka mata?

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma taimakon yana da ladabi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koya wa ma'aikatan lafiya matakai biyar da kowa zai iya aro: ki saurara ba tare da yanke hukunci ba, ki tambayi abin da take buƙata, ki nuna mata kin gaskata ta, ki taimaka mata ta tsara tsaronta, ki haɗa ta da masu taimako. Kada ki tilasta mata maimaita labarin, kada ki kai shi gaba ba da izininta ba, kada ki yanke mata shawara ko da kin tabbata kin fi ta gani, domin an riga an ƙwace mata zaɓi sau ɗaya. Kuma kada kowace haɗuwarku ta zama zaman jaje. Ki ci gaba da kawo mata labarai na ban dariya da gayyatarta fita kamar da, ko da ta ƙi sau biyar. Ke ma ki nemi inda za ki sauke nauyin abin da kika ji.

Na yi zaton na warke, sai abin ya dawo. Na koma farko ke nan?

Ba ki koma ba. Zagayowar ranar da abin ya faru, ko haihuwa, ko 'yarki ta kai shekarun da kike da su a lokacin, duk suna iya tayar da tsohon miki. Haka ma lokacin gangamin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, wanda aka fara a 1991, yake kuma gudana daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba kowace shekara. An zaɓi ranar 25 ga Nuwamba ne don tunawa da 'yan'uwa mata uku na gidan Mirabal da aka kashe a Jamhuriyar Dominika a 1960, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a hukumance a 1999. A waɗannan makonni rediyo da talabijin da wayoyi suna cika da labarai masu nauyi, kuma ba ki ci amanar kowa ba idan kika rage saurare.

Idan kin san ranar da ke miki wuya, ki shirya mata tun mako ɗaya kafin ta zo: ki rage ayyukan da za ki ɗauka, ki sanar da mutum ɗaya ya neme ki, ki tanadi abin da za ki yi da yammacin ranar, sannan idan kina da mai ba ki shawara, ki nemi a sa miki zama a cikin wannan makon.